Algus Na Baki: Rinin Ƙofar Mata Da Dokar Turai

A sani algus bai tsaya ga zuba ruwa cikin nono ba, ko ɓoye ruɓaɓɓen goro a tsakiyar huhu. Akwai algus na baki, watau a yabi haja da sifar da ba ta da ita. Risala ma ta jera shi tare da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. A wannan zamani kuwa, yabon da ya fi kawo kuɗi shi ne a ce kaya ba ya ɓata ƙasa da ruwa da iska.

A dubi marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Masu rini kan haɗa baba da toka da katsi, su bar rijiya kwanaki har ta nuna, sa'an nan su tsoma zane su ɗaga ya sha iska, su maimaita har launi ya kama. Amma tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, ga sauri ga araha. Yin rini da shi ba laifi. Laifin shi ne dillali ya ɗaga wannan, ya ce wa baƙo rinin baba ne, ya karɓi kuɗin wancan. Ido ba ya rarrabewa, sai marini mai gaskiya ya kwana da asara.

Turawa ma sun ɗanɗana. A 2015 asirin Volkswagen ya tonu: motoci wajen miliyan 11 an sa musu dabarar rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai, alhali ana tallarsu da tsabta. A 2024 Tarayyar Turai ta yi doka, ta yanke 27 ga Satumba 2026 ranar fara aiki da ita, cewa kada a yi wa haja irin wannan kirari sai da hujja. Ko wanda ya biya aka dasa itatuwa a wata ƙasa, ba shi da ikon cewa wannan ya wanke hayaƙin hajarsa.

Nan gida, dokar kare masu saye ta 2018 ta hana ƙarya a talla, hukumar FCCPC ke tsaronta. To, falken Kurmi mai aika zane ko jar fata Turai ya shirya, domin abokin cinikinsa na can ba zai karɓi rantsuwa ba. Takarda zai nema: wace marina, wane shuni, wa ya shaida.