Ƙananan Jijiyoyin Da Suke Ciyar Da Zuciyar Yaro

 Yau za mu yi magana a kan yaran da aka haifa da ciwon zuciya. Wajen jariri 1 cikin 100 yakan zo duniya da shi.

Zuciya tana tura jini ko'ina cikin jiki, amma ita ma tana bukatar nata rabon. Jijiyoyi 2 ne suke kai mata, daga gindin babbar jijiyar da take fita daga cikinta. A jikin jariri faɗinsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba, ga shi zuciyar takan buga fiye da sau 120 a minti ɗaya. Ganinsu sai an yi da gaske.

Don me likita yake so ya gan su? Akwai jariran da manyan jijiyoyinsu 2 suka yi musanyar wuri. A 1975 Dokta Adib Jatene na Birazil ya yi nasarar mai da kowace wurinta. Cikin wannan aiki dole a ciro ƙananan jijiyoyin a sake dasa su. A waɗansu yaran kuma, ɗayansu takan ratsa daidai inda za a yanka. In aka tsinke ta, wani sashen zuciya zai mutu.

Saboda haka likitoci sukan duba tukuna. Sukan fara da na'urar da take ɗaukar hoto da sauti, wadda ba ta da zafi. In bai fito sosai ba, sai a zuba ruwan magani cikin jini, na'urar CT ta ɗauki hoto. Wani lokaci akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa zuciya.

Iyaye, idan leɓen jariri ya yi shuɗi, ko yana haki da gumi wajen shan nono, ko ba ya girma, ku kai shi asibiti. Kada ku ce maita ce ko alhakin uwa. Cikin Yohanna 9, Yesu ya ƙi ɗora laifin makantar wani mutum a kansa ko iyayensa. Mu ikkilisiya kuwa, mu taimaka da kuɗin mota da na asibiti, mu yi ta ziyara.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka siffata waɗannan yara tun suna ciki. Ka ba likitoci basira, ka ƙarfafa iyaye, cikin sunan Yesu. Amin.