Gadon Bayan Rago Da Tuffa A Cikinsa: Wata Dabarar Gashi Ga Masu Layya

A unguwar Manawashi ta birnin Gombe, kamar sauran unguwannin garin, da zarar an sauko Idin Babbar Salla an yanka raguna, mata sukan fara da kayan ciki, daga baya kuma a daddatsa sauran naman ƙanana-ƙanana a soya shi ƙayau a cikin mai, don ya daɗe bai lalace ba. Wannan al'ada tana da dalilinta, musamman a gidan da ba firiji, ko kuwa akwai shi amma wutar lantarki ba ta da tabbas. Sai dai akwai wata tsoka guda wadda ake yi wa rashin adalci a cikin wannan suya, ita ce tsokar gadon baya, watau dogayen tsokokin nan biyu da suke kwance dama da hagu da ƙashin baya, daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu.

Duk jikin rago da wuya a sami naman da ya fi wannan taushi, domin dabba ba ta wahalar da shi wajen tafiya kamar yadda take wahalar da cinya da kafaɗa. To amma rashin wahalar nan shi ya sa ba shi da jijiya, kuma ba shi da kitse a cikinsa sosai. Kafaɗa tana son wuta mai tsawo, in ta daɗe jijiyarta ta narke ta yi laushi. Gadon baya kuwa in ya daɗe a wuta ruwansa ne yake ƙarewa, ya bushe ya zama kamar igiya. Magidancin da ya je kasuwar Tike ya zuba kuɗi masu yawa ya sayo Balami ko Uda, sa'an nan aka soya masa wannan tsoka tare da naman wuya, ya yi hasarar mafi daraja daga abin da ya saya bai sani ba.

Mutanen ƙasashen Turai, musamman Ingila da Jamus da Denmark, sun daɗe da samo wa irin wannan tsoka magani. Sukan tsaga ta su buɗe, su cusa yankakkiyar tuffa da albasa a ciki, su naɗe su ɗaure, su gasa. Su dai da naman alade suka saba yin haka, domin a da can lokacin yankan aladunsu yakan zo ne gab da hunturu, sa'ad da aka gama tsinkar tuffa. Naman alade haramun ne ga Musulmi, wannan ba abin ja-in-ja ba ne, ko da yake a kudancin Jihar Gombe, wajen Billiri da Kaltungo, akwai Kirista masu kiwonsa. Amma ita dabarar ba ta wata dabba ba ce. Tuffa yawancinta ruwa ne, tana da ɗan tsami da ɗan zaƙi. In zafi ya kama ta sai ta saki ruwanta a cikin naman, tsamin kuma ya kashe gundurar maiƙo.

Haɗa nama da 'ya'yan itace ma ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Musulmi. A Maroko akwai abincin da ake kira muruziyya, wanda ake yi da naman layya da zabibi da zuma. A Iraƙi akwai ƙuzi, rago ne da ake haɗawa da shinkafa da zabibi. Ko a Jamhuriyar Nijar an san gashin rago sukutum a wurin biki, cikinsa cike da shinkafa ko kuskus.

Ga yadda ake yi. Gadon bayan rago bai kai kauri ba in an ɗauki gefe ɗaya, saboda haka sai a roƙi mahauci ya yanke shi duka biyu a haɗe, ya zare ƙashin tsakiya a hankali, ya bar kitsen saman bai tsage ba, ya kuma bar ɗan fatar ciki ta kowane gefe don naɗi. A nan ne aikin yake, kuma mahaucin da ya saba shimfiɗa naman kilishi ba zai sha wuya ba. A shafe naman ciki da waje da gishiri da dakakkiyar citta da masoro da tafarnuwa da ɗan kanumfari, a ajiye shi a rufe wuri mai sanyi kamar rabin awa.

Sa'an nan a fere tuffa biyu, a cire ƙwayoyin, a yanka ƙanana. A soya albasa babba guda a man shanu har ta yi laushi, a zuba tuffar a juya minti biyar, a barbaɗa ɓarɓashin burodi tafi ɗaya don ya tsotse ruwan da zai fito. A sauke a bari ya huce sarai kafin a zuba a tsakiyar naman. Kada a cika shi maƙil, gama nama yana tsukewa a wuta, in ya matse abin da ke ciki sai ya fito. A naɗe, a ɗaure da zaren auduga mai kauri, tsakanin ɗauri da ɗauri kamar yatsa biyu. Zaren roba ba ya yi, narkewa yake. Mai hikima yakan ajiye siririn kitsen nan mai kama da raga da yake lulluɓe tumbi, ya naɗe naman da shi.

Tuffa dai ba itaciyar ƙasar zafi ba ce. Asalinta daga duwatsun Asiya ta Tsakiya ne, wajen ƙasar Kazakistan, kuma tana bukatar sanyi kafin ta yi 'ya'ya. Ana ɗan noma ta a tsaunukan Jos, amma galibin wadda ake gani a faranti bakin tasha daga ƙasashen waje ake kawo ta, shi ya sa take da tsada. A zaɓi koriya mai tsami, ta fi ja riƙe jikinta a wuta. Wanda bai samu ba, ya cire ƙwallon dabino ya jiƙa shi a ruwan tsamiya mai kauri, zai sami zaƙin da tsamin duka.

Batun wuta kuma, ba dole sai da tanda irin ta zamani ba. Tukunyar ƙarfen da mata suke gasa kek a ciki ta isa: yashi a ƙasa, kwano a kan yashin, garwashi a ƙarƙashi da kuma bisa murfi. Da farko a soya bayan naman a kasko mai zafi har ko'ina ya yi ja, sa'an nan a sa shi a tukunyar, wuta matsakaiciya. Naman da ya kai kilo ɗaya da rabi yakan ɗauki kimanin awa ɗaya. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, tun 2011, ta tsayar da cewa tsokar da ba a niƙa ba ta nuna in zafin tsakiyarta ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, a kuma bar ta ta huta minti uku. Abin da aka cusa a cikin nama kuwa ana so ya kai digiri 74, tun da ya sha ruwan ɗanyen nama. Wanda ba shi da ma'auni ya soka siririyar wuƙa har tsakiya, ya ƙirga goma, ya zare. In ƙarfen ya fito da zafi sosai, ruwan da ya biyo shi kuma ba jini, to ya yi.

In an sauke, kada a yi garajen yankawa. A rufe shi kamar minti goma ruwan ya koma cikin tsoka, sa'an nan a kwance zaren, a yanka shi da kauri kamar yatsa, a zuba masa romon da ya taru a kwanon. Wannan ba irin soyayyen naman da ake ajiyewa a kwalla har wata guda ba ne. Saboda damshin da ke cikinsa, a zafi irin na Gombe ba a barinsa ya kwana a waje. Ranar da aka gasa shi, ranar ake cinye shi, a kuma aika wa maƙwabta da nasu tun da sauran ɗuminsa.