Gida Ba Tare da Mallakar Gida Ba: Tsarin Gidajen Gama-Kai a Birnin Niyok

Batun da za mu duba a wannan lacca shi ne wani irin ciniki mai ban mamaki, wanda mutum zai biya miliyoyin daloli domin ya sami muhalli, amma a shari'ance bai mallaki ko tubali ɗaya na ginin ba. Wannan shi ne tsarin gidajen gama-kai, wanda Amurkawa ke kira ko-of, kuma a ƙarƙashinsa ne mafi yawan sassan benaye na mallaka suke a tsibirin Manhatan, musamman a unguwannin attajirai da ke titin Park Avenue da Fifth Avenue da kewayen Central Park.

Da farko dai ya kamata mu fahimci abin da ake saya. Benen baki ɗayansa mallakar kamfani ne, mazauna cikinsa kuwa su ne masu kamfanin. Saboda haka mai saye hannun jari yake saya, gwargwadon girman sashensa da hawan da yake da kyawun wurinsa, sa'an nan kamfani ya ba shi takardar haya ta musamman wadda ta ba shi ikon zama a wannan sashe muddin hannun jarin na hannunsa. Watau mutum ɗaya shi ne ɗan haya, shi ne kuma ɗaya daga cikin masu gida. Wannan ya bambanta da ɗayan tsarin, wanda ake kira kondominiyam, wanda Jihar Niyok ta yi wa doka a 1964, inda mai saye yake karɓar takardar mallakar sashensa kai tsaye.

Tsarin ba sabo ba ne. A 1881 wani mai zanen gine-gine, Philip Hubert, ya fitar da benen Rembrandt bisa wannan tsari, shi ne kuma ya zana benen Chelsea wanda aka buɗe a 1884 a matsayin gidan gama-kai kafin a mai da shi otal. A shekarun 1920 attajirai suka rungumi tsarin, aka yi ta gina manyan benaye, irin su lamba 740 Park Avenue na mai zane Rosario Candela, inda John D. Rockefeller ƙarami ya zauna. Talakawa ma ba a bar su a baya ba, domin a 1927 ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta kafa gidajen Amalgamated a yankin Bronx, daga baya kuma aka gina Co-op City mai sassa fiye da 15,000, wanda aka fara shiga a 1968. Ke nan hikimar da ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ita ce tushe, sai dai masu hali sun mai da ita katanga.

To, yaya ake yin cinikin? Bayan dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa sun daidaita a kan farashi, lauyan mai saye zai binciki littattafan kuɗin kamfanin da bayanan tarurrukan kwamitin gudanarwa, domin ya san ko akwai bashi mai nauyi a kan benen, ko wani babban gyara da ke tafe. Daga nan a sa hannu a yarjejeniya, a ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin. Amma duk wannan share fage ne, domin sallama ta gaskiya tana hannun kwamitin, wanda masu hannun jari ke zaɓa daga cikinsu.

Shi wannan kwamiti yakan buƙaci mai saye ya baje masa sirrinsa duka: takardun harajinsa na shekarun baya, bayanan ajiyarsa a banki, basussukan da ke kansa, wasiƙar wurin aikinsa, da wasiƙun shaida daga abokai da abokan sana'a. Yawancin benaye ba su yarda a biya kafin alƙalami ƙasa da kashi 20 ko 25 cikin 100 ba, wasu na Park Avenue da Fifth Avenue sukan nemi rabi, wasu kuwa ba su yarda da bashin banki ko kaɗan, sai tsabar kuɗi. Bugu da ƙari, ana so bayan an gama biya ya kasance mutum yana da sauran abin da zai riƙe shi shekara ɗaya ko biyu. Idan takardu sun gamsar, sai a kira shi ganawa, wani lokaci har da karensa.

Bari mu ɗauki misali. Wanda zai sayi sashe na dala miliyan 2, in an ce kashi 25, sai ya zube dala 500,000. Akwai kuma harajin gidaje masu tsada, wanda jihar ta sa a 1989 a kan cinikin da ya kai dala miliyan 1, aka kuma mai da shi mataki-mataki a 2019 har zuwa kashi 3.9, a wannan misali namu kashi 1.25 ne, watau dala 25,000. Sa'an nan kowane wata zai biya kuɗin kula da gida, wanda daga cikinsa ake fitar da albashin masu tsaron ƙofa, da harajin ginin, da ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, da bashin da ke kan benen. Ran da zai sayar kuma, benaye da yawa sukan yanki wani kaso, galibi kashi 1 zuwa 3.

Yanzu mun zo ga inda gizo yake saƙa. Kwamiti yana iya ƙin mai saye ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma suna ko muƙami ba su hana a ƙi mutum. A 1979 tsohon shugaban ƙasa Richard Nixon ya janye daga sayen sashe a titin East 72nd saboda mazauna benen sun nuna ba sa son hayaniyar masu tsaronsa da 'yan jarida. A 1980 Gloria Vanderbilt ta kai benen River House ƙara, tana zargin an ƙi ta ne saboda abotarta da mawaƙi Bobby Short, wanda baƙar fata ne, daga baya ta janye ƙarar. A 1985 benen San Remo ya ƙi mawaƙiya Madonna. Tarihi ya tabbatar cewa shekaru masu yawa an yi amfani da wannan iko wajen toshe wa Yahudawa da baƙar fata ƙofa. Dokar tarayya ta 1968 ta haramta wariya a sha'anin gidaje saboda launi ko addini ko asali, amma yaya wanda aka ƙi zai kafa hujja alhali ba a gaya masa dalili ba?

Kotuna kuwa sun ƙarfafa hannun kwamiti. A shari'ar Levandusky ta 1990 babbar kotun jihar ta yanke cewa alƙali ba zai tsoma baki a shawarar kwamiti ba, matuƙar ya yi ta da kyakkyawar niyya, cikin hurumin ikonsa, domin amfanin kamfanin. A shari'ar Pullman ta 2003 kuma ta amince masu hannun jari su kori ɗan'uwansu saboda mugun hali.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu. Tunda haraji da bashin benen a wuyan kowa suke, in mutum ɗaya ya gaza biya, nauyin kan saura zai koma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Suna kuma nuni da cewa tsananin bincike ya taimaka wa waɗannan benaye suka tsallake rikicin bashin gidaje na 2008 da sauƙi. Amma tsaron yana da farashi: ba a ba da sashe haya sai da izini, ba a gyara sai da izini, ba a sayarwa sai ga wanda kwamiti ya yarda da shi. Shi ya sa sashen gama-kai yakan fi takwaransa na kondominiyam araha, baƙi masu zuba jari kuma sukan kauce masa.

A ƙarshe, jama'a, wanda ya shiga wannan ciniki ya sayar da wani yanki na 'yancinsa ne domin ya sami ikon zaɓen maƙwabci, bayan shi ma an zaɓe shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya rage ga masana shari'a da masu tsara birane shi ne su tantance inda kare dukiyar jama'a ya tsaya, da inda wariya ta fara.