In Wuta Ta Dawo, Wa Zai Fara Tashi?

A Dutsin-Ma da Kurfi ɗauke wuta ba labari ba ne. Abin da ya kamata a duba shi ne abin da ke biyo bayan dawowarta, ko bayan an tayar da janareto. Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai ta kunnu, fitilunta na ƙiftawa, amma shafin rajista ya ƙi buɗewa, sai a ce na'ura ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau; manhajojin cikinta ne suka tashi ba bisa tsari ba. A yankin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shafin rajista na jiran rumbun bayanai, rumbun na jiran faifan ajiya da layin sadarwa. A yawancin kwamfutocin Linux, manhajar systemd, wadda ta fito a 2010, ita ke tayar da su, kuma don sauri takan tayar da dama a lokaci guda. Umarnin After na nuna wanda za a jira, Requires na nuna wanda ba a iya aiki sai da shi, kuma rubuta ɗaya ba ya wadatar da ɗayan. Kuma tashi daban, shiri daban: ɗora tukunya a murhu ba tafasa ba ne, wanda ya yi gaggawar zuba gari zai sha gudaji. Kwamfuta kan riga na'urar raba intanet farkawa, manhaja ta nemi layi ta rasa, ta mutu. Umarnin journalctl zai nuna wa ma'aikaci wanda ya fara faɗuwa, da daƙiƙar da ya faɗi.

Wani zai ce a sa hasken rana da batura a huta. Suna taimakawa ƙwarai, amma batir na ƙarewa, sabunta manhaja ma na tilasta a sake kunnawa. Wani kuma zai ce a sa manhajar ta jira daƙiƙa 30. Wannan kirdado ne, domin ranar da kashewar bazata ta sa kwamfuta tsayawa duba faifanta, talatin ɗin ba za su isa ba. Gara a rubuta wa kowace manhaja abin da ta dogara da shi, a umarce ta ta sake gwadawa in ta faɗi, sannan a kashe komai da gangan, a kunna, a gani, tun kafin ranar jarrabawa.