Dala miliyan 1.56 a kan kaset ɗin Mario: Wa ke hura farashin tsofaffin gem?

A ranar 11 ga watan Yulin 2021, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da kaset ɗin wasan Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Kwana biyu kafin nan, kamfanin ya sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000, aka yi ta shelar an kafa tarihi. Tarihin ko kwana uku bai yi ba.

Abin da ya ɗaure wa tsofaffin masu tara gem kai shi ne, Super Mario 64 ba abu ne mai wuyar samu ba. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a 1996, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 11. Wanda aka riga aka yi amfani da shi, a shafin eBay ko dala 100 ba ya kaiwa.

To me aka saya da wannan maƙudan kuɗi? Leda. Kaset ɗin yana cikin kwalinsa, ba a taɓa ɓare ledar da masana'anta ta naɗe shi da ita ba, kuma wani kamfani mai suna Wata Games ya ba shi maki 9.8 cikin 10.

Aikin Wata a lokacin shi ne a aika masa gem, ya duba lafiyar kwali da leda, ya ba da maki, sannan ya rufe shi cikin akwatin roba da ake hango abin da ke ciki. Daga nan ba mai sake buga wasan, don buɗe akwatin daidai yake da zubar da kuɗin. A 2021, ladan da Wata ke karɓa yana ƙaruwa gwargwadon darajar da aka ƙiyasta wa gem ɗin, shi kuma Heritage yana ɗora wa mai saye kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka buga. Wato mai ba da maki da mai gwanjo, kowa kakarsa ta yanke saƙa idan farashi ya hau.

Ya kuwa hau. A 2017, wani Super Mario Bros. da ba a buɗe ba ya tashi a kan dala 30,000 da ɗoriya a eBay, kuma a lokacin ana ganin kuɗin ya yi yawa. A Fabrairun 2019 aka sayar da wani a kan dala 100,150. Cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka saye shi har da Jim Halperin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage. A Afrilun 2021 farashin ya kai dala 660,000, a watan Agusta kuma wani da ba a bayyana sunansa ba ya biya dala miliyan 2 ta kamfanin Rally, wanda ke rarraba irin waɗannan kaya kamar hannun jari yana sayar wa jama'a.

A watan Agustan ne Karl Jobst, wani ɗan Ostireliya mai tashar YouTube, ya saki dogon bidiyo yana zargin cewa mutane ƙalilan masu alaƙa da juna ne ke hura kasuwar. Heritage da Wata sun musanta. A Mayun 2022 wasu kwastomomi suka maka Wata a kotu a Amurka kan zargin maguɗin kasuwa. Zargi dai ba hukunci ba ne, amma akwai abin da ba a jayayya a kansa: lokacin da aka yi waɗannan cinikayya, Wata bai wallafa adadin kwafin da ya bai wa maki ba. Mai saye bai san ko irin abin da ya saya guda biyu ne a duniya ko ɗari biyu ba.

Annobar korona ma ta taimaka. Mutane na kulle a gida, waɗanda suka buga Mario suna yara sun girma sun samu abin hannu, ga tallafin kuɗi da gwamnatin Amurka ta raba. Da ƙurar ta lafa, farashin gem masu maki ya faɗo ƙwarai, waɗanda suka saya a 2021 da niyyar juyawa suka ji a jikinsu.

Sai dai ɓarnar ta riga ta gangaro ƙasa. Duk wanda ya ga labarin dala miliyan ya koma ɗakin ajiya ya tono tsohon kaset, ko da takardar jikinsa ta yage, ya liƙa masa farashin da ya ga dama a eBay. Na gaba ya gani ya ɗora nasa. Abin da sabon shiga ba ya lura da shi shi ne, kuɗin da mai kaya ya yanka daban, kuɗin da aka biya daban. Shafin yana da wurin duba kayan da aka riga aka sayar, kuma a nan ake ganin ainihin farashi. Ga kuma jabu: kaset ɗin Pokémon na bogi sun cika kasuwa, wasu kuma kan sake naɗe tsohon kwali da sabuwar leda su ce ba a taɓa buɗewa ba.

Wanda ya fi cutuwa shi ne mai son ya buga wasan kawai. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a kasuwa a lokacin binciken. Idan kamfani ya daina sayarwa, sai dai a koma wajen 'yan gwanjo, a farashinsu.

Masu karatu da suka tashi suna biyan kuɗi a gidan gem na unguwa don su buga Mario, kada su yi saurin zuwa tonon akwati. Galibin kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa wasanni 999 a ɗaya kwaikwayo ne, ba Nintendo ya yi su ba, kuma ba su ne ake bai wa maki a kai Dallas ba.