Idan Mota Ta Ƙi Tashi Bayan Sauya Swici

Sau da yawa idan aka sauya swicin mota, sabon makulli zai murɗa lafiya lau, kik ya yi ta juyawa, amma inji ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. A dashbod kuma wata 'yar fitila mai hoton makulli sai ƙiftawa take yi. Babu abin da ya lalace, na'urar hana sata ce ba ta gane sabon makullin ba.

A cikin baƙar robar kan makulli akwai ɗan ƙaramin cif, kamar ƙwayar shinkafa, wanda ba ya amfani da batir. Zoben waya da ke bakin swici shi ke ba shi wuta, ya karanta lambarsa, ya miƙa wa kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos. In ba ta san lambar ba, sai ta tsayar da mai ko ta hana fulogi wuta. Jamus da Ingila sun wajabta wannan tsari a sababbin motoci tun 1998, shi ya sa yawancin motocin Turai da ke shigowa ta Kwatano suke ɗauke da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro cif ɗin tsohon makulli a mayar cikin sabo. Don haka kada a yar da tsohon, ko da ya karye. In ya ɓata, sai mai kwamfutar mota ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari ya yi wa sabon rajista.

Wasu motocin Amurka na General Motors masu tsarin Passlock daban suke. Makullinsu ba shi da cif, abin ganewar yana jikin swicin. A nan haƙuri ake bukata: a gwada tayarwa, a bar makulli a kunne kamar minti 10 har fitilar ta mutu, a kashe, a maimaita har sau uku. Batir mai rauni kan mutu a tsakiya, aiki ya koma farko.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar wasu masu rewaya ta naɗe tsohon cif da salatif a jikin zoben. Mota za ta tashi, gaskiya ne, amma daga ranar duk ƙarfen da ya iya murɗa swicin zai tafi da ita.