Saulawa: Idan masana'anta ta zo, ina makomar ɗorawa da kaɗanya?

Duk wanda ya ratsa Saulawa, a Ƙaramar Hukumar Ikara, bayan girbi zai ga itatuwan da suka rage tsaye a gonaki: ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya da gawo. Yawancinsu ba dasawa aka yi ba. Manoma ne suka ƙyale su lokacin sassabe.

Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kaɗanya a samu man kaɗe. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya zame wa gona taki ba tare da ya tare wa shuka rana ba.

Sai dai yankin na buƙatar masana'antu. Makarfi ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila, Kudan da Ikara kuma wajen tumatir, wanda kan ruɓe a kwando idan kaya suka yi wa kasuwa yawa. Kamfanin tumatir na Ikara, da aka kafa a farkon shekarun 1980, ya yi shekaru a rufe.

Matsalar ita ce, babban kamfani fili fetal yake so, katafila kuwa ba ta bambanta kaɗanya da sabara.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, a biya diyyar gini da amfanin gona. Mai gona ke karɓar kuɗin. Matar da ke tsintar 'ya'yan kaɗanya a wurin ba kasafai ake lissafawa da ita ba, alhali sabuwar kaɗanya kan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya.

Wata dokar ta 1992 ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin fara manyan ayyuka. A wannan matakin ne jama'ar gari za su iya neman a ƙirga itatuwa, a bar na gefen rafi da kan iyaka.

Akwai darasi daga Maradi. Tun shekarun 1980 manoman can suka koma renon tohon kututture, dabarar da ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Kaɗanya ma kayan masana'anta ce. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallonta waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Idan aka sare ta yau, me injin zai matse gobe?